Saiwar Sankarar Hanji da Neman Maganinta

Malam Edita,

Ƙanin mahaifina ya sha tiyata da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin sankara, muka ɗauka ya warke, sai ga sankarar hanjin ta dawo bayan shekara biyu. A 2007, masu bincike a Kanada da Italiya sun nuna cewa cikin ƙarin sankarar hanji akwai wasu 'yan tsirarun ƙwayoyin halitta na tushe, masu jure magani, waɗanda kan sake tofo kamar saiwar ciyawar ƙiri-ƙiri da fartanya ta bari a ƙasa. Kawar da su kuwa da wuya, domin hanji mai lafiya ma da irinsu yake sabunta fatarsa ta ciki. Maganin napabucasin, da aka sa wa rai zai kashe waɗannan ƙwayoyin na tushe, bai tsawaita rayuwar majinyata ba a babban gwajinsa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya