Fetur daga hayaƙin masana'antu: a fara tambayar ina wutar take

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili kan maganar kama iskar kabon da masana'antu ke fitarwa a mayar da ita man fetur. A majalisarmu ta Unguwar Rimi wasu sun ce tatsuniya ce, wasu kuma har sun fara sa ran mai zai sauko. A matsayina na tsohon malamin kimiyyar sinadarai, duka biyun ban yarda da su ba.

Abin yana yiwuwa. Da wutar lantarki ake raba ruwa a fitar da iskar haidurojin, a haɗa ta da kabon da aka kama a sami metanol, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ke kama wuta, shi kuma a juya shi ya zama fetur. A kudancin ƙasar Cile, kamfanin Porsche da abokan hulɗarsa sun buɗe irin wannan masana'anta, Haru Oni, a Disamban 2022. Lita 130,000 aka tsara ta yi a shekara, wato kusan tanka huɗu masu cin lita 33,000. Shekara guda fa!

Dalili shi ne wuta. Duk ƙarfin da ke cikin man nan daga lantarki ya fito, kuma kusan rabinsa na salwanta a hanya. Su can iska ce ke juya musu injinan wuta. Mu da welda da tela a Kakuri ke wuni da janareto, in muka ƙona gas ko dizal don yin wannan mai, tufka da warwara muka yi, domin kabon ɗin na komawa sama da zarar mota ta ƙona shi.

Amma kada mu naɗe hannu. Rana muna da ita. Hayaƙin kamfanonin siminti, irin na Ashaka da Sakkwato, kabon ɗinsa ya fi na sararin sama yawa nesa ba kusa ba, don haka kama shi ya fi araha. Matatar Kaduna kuwa, da aka buɗe a 1980, ta horar da injiniyoyi, ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken sinadarai ta Basawa a Zariya.

Roƙona ga gwamnatin jiha da ta tarayya: a ba waɗannan cibiyoyi kuɗin kafa ƙaramar masana'antar gwaji mai aiki da hasken rana, ɗalibanmu su yi metanol da hannunsu, sannan a faɗa wa jama'a nawa lita ɗaya ta ci.

Naku,
Tsohon malami, Unguwar Rimi, Kaduna