Baƙin man mota ba na babur ɗin ruwa ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake zaɓar baƙin man da ake zuba wa injinan da ke aiki a kan ruwa. Ni bakanike ne, na koyi sana'a a hannun kawuna a Yawuri, inda muke gyara wa Sarkawa da masu fito injinan kwale-kwale, kuma yau shekaru masu yawa ke nan ina Legas ina gyaran babur ɗin ruwa, wanda aka fi sani da Jet Ski, ko da yake wannan suna ne na samfurin da kamfanin Kawasaki ya fitar a 1973, mutane suka mayar da shi sunan kowa. Da yawa daga cikin yaran da ke kula da waɗannan babura a bakin ruwan Legas 'yan uwanmu ne daga Arewa, shi ya sa na ga ya dace in yi maganar da harshen da za su ji.

Kwanakin baya aka jawo mini wani babur ƙirar Sea-Doo, irin mai sufacaja, wato na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi domin ya ƙara gudu. Mai shi ya ce babur ɗin yana tashi lafiya, amma idan an matsa masa wuta sai ya yi ta gurnani ba ya kai gudun da ya saba. Da na tambayi yaron da ke kula da shi, sai ya ce mini cikin gaskiya da riƙon amana: "Wallahi maigida, ban taɓa yi masa ƙwauro ba, man da ake zuba wa motar Alhaji shi nake zuba masa, kuma shi ne mafi tsada a shagon." Da na kwance sufacajar na ciro kulocinta, sai na tarar wasoshin sun yi sumul kamar an goge su, launinsu ya sauya saboda zafi. Yaron bai ci amanar kowa ba, bai sayi jabu ba, abin da bai sani ba kawai shi ne cewa baƙin man injin shi ne ke wanke wannan kuloci, kuma yawancin man motocin zamani ana sa masa sinadarin ƙara santsi domin mota ta rage shan fetur. Abin da yake alheri ga mota shi ne ya sa kulocin ya riƙa zamewa har ya cinye kansa.

Mutane da yawa suna cewa ai inji inji ne, baƙin mai kuma duk ɗaya ne, amma duk wanda ya taɓa buɗe injin ruwa ya san ba haka ba ne. Mota a kan titi injinta yakan juya sau dubu biyu zuwa dubu uku a minti ɗaya, tana da giya da ke rage mata wahala, kuma tana hutawa a gangara. Babur ɗin ruwa ba shi da giyar da zai canza, injinsa a haɗe yake kai tsaye da farfelar da ke tsotsar ruwa tana feso shi ta baya, kuma idan matashi ya hau ya danne wuta, injin yakan kai juyi dubu bakwai zuwa dubu takwas a minti, ya kuma daɗe a haka. Kamar a ce mota ce ɗauke da kaya tana hawan tudun da ba ya ƙarewa. Ga kuma laima, domin injin a rufe yake cikin ƙundun babur inda iska mai ɗanshi ke zama, a Legas ma har da gishiri, sannan sau da yawa sai a hau shi ranar Lahadi a ajiye shi mako uku ba a waiwaye shi ba, a lokacin nan ne tsatsa ke yin aikinta a ciki ba tare da kowa ya gani ba. Saboda waɗannan dalilai ne ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, wato NMMA, ta fitar da tambarin FC-W ga baƙin man injinan ruwa masu bugu huɗu, wanda ba a ba wa mai sai an gwada shi an ga yana hana tsatsa kuma ba ya tsinkewa a ƙarƙashin irin wannan wahala.

Saboda haka tambayar farko da mai babur zai yi wa kansa ita ce, injinsa mai bugu huɗu ne, wanda mansa ke zama daban da fetur, ko mai bugu biyu, wanda ke ƙona mai tare da fetur, wato abin da ake rubutawa 4T da 2T a jikin galan. Tun wajajen 2002 manyan kamfanoni suka fara komawa ga mai bugu huɗu, wanda yake da ma'ajiyar baƙin mai da filta kamar mota. Ga irin wannan, Yamaha tana son 10W-40, kuma nata shi ne Yamalube 4W, ita kuwa Sea-Doo tana da nata mai suna XPS, wanda yawanci 5W-40 ne. Idan babur mai sufacaja ne irin wanda na ambata kuma ba a sami na kamfani ba, to a nemi man da ke ɗauke da tambarin JASO MA2, wato wanda aka yi domin baburan titi da kulocinsu ke iyo a cikin mai. A rubutu irin 10W-40, lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudana lokacin da inji yake da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne bayan ya yi zafi. A nan ne nake yawan saɓawa da abokan sana'ata, waɗanda suke ɗiga mai a yatsa su murza su ce wannan ya fi kauri don haka ya fi kyau. Yatsa ba ya auna abin da mai zai zama a cikin inji mai zafi, kuma man da ya yi kauri fiye da ƙima yakan makara kafin ya isa saman inji a daƙiƙoƙin farko na tayarwa, alhali a lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

Masu bugu biyu kuwa, waɗanda har yanzu ake shigo mana da su na hannu saboda araharsu, su ƙona man suke yi tare da fetur, don haka abin dubawa shi ne me man yake bari bayan ya ƙone. Tsofaffin baburan Yamaha da na Kawasaki suna shan mai mai tambarin TC-W3, wanda ba ya barin toka. Amma akwai wani wuri da ko tsofaffin hannu suke tuntuɓe, shi ne cewa littafin tsofaffin Sea-Doo masu injin Rotax ya hana a zuba musu TC-W3 ƙarara, ya ce a nemi mai tambarin API TC mai ƙarancin toka. Mutum zai ga hoton jirgin ruwa a jikin galan ya ɗauka magana ta ƙare, alhali ga wannan inji ba nasa ba ne. Haka nan ba na yarda a zuba wani sabon nau'i a kan ragowar wani a cikin tankin mai, domin wasu nau'o'in idan suka haɗu sukan yi kauri su toshe matata, inji ya ci gaba da gudu babu mai har ya buga.

Ya Edita, da maganar ta tsaya a kan abin wasan masu hali, da ban ɗauki alƙalami ba, domin mai babur idan injinsa ya buga, aljihunsa ne kawai zai ji. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren nan ɗaya nake gani idan na je gida, a injinan kwale-kwalen da ke ɗaukar mata da yara da buhunan hatsi ranar kasuwa a tafkin Kainji da kogin Kwara. Yawancinsu Yamaha Enduro ne masu ƙarfin doki 15 ko 40, masu bugu biyu, waɗanda ake gauraya musu mai da fetur da hannu. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, wato rabin lita a tanki mai lita 25, ko mililita 400 a jarka mai lita 20, sai sabon inji da ake ninka masa man a sa'o'i goman farko. Na sha tsayawa a bakin ruwa ina kallon direba ya buɗe jarka, ya tsiyaya baƙin man mota SAE 40 daga tsohuwar gorar ruwa da ƙiyasin ido, ya girgiza sau biyu, ya ɗora tiyo. Ba mugunta ba ce, tsadar rayuwa ce da kuma rashin wanda ya taɓa yi masa bayani. Amma man mota ba a yi shi domin a ƙona shi ba, yana barin toka da baƙin dauɗa a kan fulogi, yana manne ringi a jikin fistin, yana toshe hanyar hayaƙi, sai inji ya fara tari yana rage ƙarfi. Wanda motarsa ta mutu zai gangara gefen titi ya jira, amma kwale-kwalen da aka cika maƙil, injinsa ya ɗauke a tsakiyar ruwa lokacin da iskar hadari ta taso, ba shi da yadda zai fuskanci igiyar ruwa, sai ta buge shi ta gefe. Ko man 2T na ƙaramin janareta da na injin yankan itace, an yi shi ne domin injinan da iska ke sanyaya su, su kuwa na kwale-kwale ruwa ne ke sanyaya su, TC-W3 ne nasu.

Game da juyen baƙin mai, babur ɗin ruwa mai bugu huɗu da sa'o'in aiki ake lissafa masa, ba da kilomita ba, kuma yawancin littattafan suna cewa tsakanin sa'o'i 50 zuwa 100, ko sau ɗaya a shekara ko da ba a hau shi sosai ba, tare da sauya filta. Ana zuƙo tsohon man ne da famfo ta sama, kuma ba ya fita duka, saboda haka wanda ya juye adadin da aka rubuta gaba ɗaya ba tare da duba geji ba zai cika shi fiye da ƙima, man ya yi kumfa ya bi ta hanyar iska. Idan aka zaro geji aka ga man ya koma fari-fari kamar shayin da aka zuba wa madara, to ruwa ya shiga, musamman bayan babur ya kife, kuma a ranar ya kamata a zuƙe shi a sake, a maimaita har sai ya fito garau. Jabu kuma yana nan a kasuwa cikin galan mai kyan gani, don haka gara a saya wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, a kuma huda galan bayan ya ƙare domin kada a sake cika shi. Tsohon man da aka zuƙo a tara shi a jarka a fitar da shi daga bakin ruwa, domin a ruwan nan ne masunta suke neman abincinsu.

Roƙona ga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu jirage shi ne, a duk lokacin da ake wayar da kai a kan rigar ruwa da hana lodi fiye da ƙima, a haɗa da wannan magana, a kuma kafa allo da Hausa a kowace tashar jirage mai nuna tambarin man da ya dace da kuma ma'aunin gaurayawa. Dillalan injina su ma su riƙa ba duk wanda ya sayi inji kofin awo mai layin lita 20 da na lita 25. Yaron da na ambata a farko kuwa, na rubuta masa sunan man da lambarsa da fenti a cikin murfin kujerar babur ɗin, kuma tun daga ranar yakan turo mini hoton galan ta waya kafin ya biya kuɗi.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani bakaniken injinan ruwa, ɗan Yawuri mazaunin Legas