Ga masu kai abinci wajen ciyayya: a gwada kuɓewar Girkawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu kan abin da ake gani a wuraren ciyayya a nan Kumasi, ko ta buɗa-baki ko ta ƙungiyoyin mata a Aboabo da Asawase. Da an ce kowa ya kawo nasa, sai kuloli su jeru, dafa-duka da waakye, waakye da dafa-duka. Kayan lambu kuwa bai wuce tire ɗaya na salak da aka malale da kirim da ƙwai ba, wanda kafin a gama gaishe-gaishe latas ɗinsa ya yi laushi, ruwa ya kwanta a ƙasa.

Mutanen ƙasar Girka suna da rukunin abinci da suke kira ladera, wato na-mai: kayan lambu da ake dafawa a man zaitun da tumatir, ba nama. Ya samu gindin zama a wurinsu ne saboda azumin cocinsu na Orthodox, inda suke ƙaurace wa nama da nono na tsawon makonni kafin Ista. Abin da ya sa ya dace da ciyayya shi ne ba a buƙatar cinsa da zafi, kuma wanda ya kwana ya fi daɗi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne bamies, kuɓewarmu ce dai. Sai dai mu yauƙi muke nema, har kanwa muke jefawa, su kuwa gudunsa suke yi, kuma duk dabarar girkin a nan take.

A sayi kilo 1 na ƙananan kuɓewa, waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, masu ɓallewa idan an karya tsininsu. Manya zare gare su. A wanke, a bari su tsane, sannan a feƙe kan kowace kamar yadda ake feƙe fensir, ba tare da an huda cikinta ba. Da ƙwayoyin sun bayyana, yauƙi ya samu ƙofa. A baza a tire, a yayyafa rabin kofi na khal da cokali 1 na gishiri, a ajiye a rana minti 30 zuwa awa 1. A ɗauraye, a goge da tsumma mai tsabta.

A zuba man zaitun mililita 150 a tukunya mai faɗi, a soya albasa 2 har su yi laushi ba tare da sun yi ja ba, a ƙara tafarnuwa sala 3. A kawo tumatir nunannu 6 da aka goga, cokali 1 na tumatirin gwangwani, ƙaramin cokalin sukari don kashe tsami, masoro, da ruwa kofi 1. In ya tafasa sai a jera kuɓewar a kai, a rufe, a rage wuta. Mai kurfoti ta kwashe rabin garwashin. Minti 35 zuwa 40 ya isa. Kada ludayi ya shiga tukunyar nan ko sau ɗaya; a kama hannayenta a girgiza a hankali. Juyawa ce ke farfasa kuɓewa ta mayar da aikin miya. Alamar nuna ita ce ruwa ya ƙone, jan mai ya taso a gefe. In akwai sauran ruwa a buɗe murfi na minti 10. Kilo ɗaya zai ishi mutum 8 zuwa 10 a gefen shinkafa ko burodi.

Na san man zaitun da tsada. A raba biyu da man gyaɗa, ba laifi. Amma ban da manja da man kaɗe, domin in abinci ya huce kauri suke yi su manne a dasashi, ga ƙamshin manja yana danne komai.

Da wannan miyar dai ake yin fasolakia: kilo 1 na koren wake da dankalin turawa 2 a yanka manya, minti 45 zuwa 50. Waken ya yi laushi tiɓis, ba irin na soyayyiyar shinkafa mai ƙaras-ƙaras ba. Mai oben kuma na iya yin briam, wato dankali, yalo, albasa da tumatir a gasa da mai a zafin digiri 190 kusan awa ɗaya da rabi. A fara barbaɗa wa yalon gishiri na minti 20 don rage ɗaci.

Girkawa suna ci da cukunsu na feta. Wagashinmu ba shi da gishiri da tsamin feta, don haka a jiƙa shi a ruwan gishiri da lemun tsami na dare ɗaya a firji, a marmasa a kai sai an isa wurin taro.

In za a dafa tun jajibiri, a juye daga tukunyar alminiyom zuwa kwanon tangaran ko roba mai murfi, don tsamin tumatir yana cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano. Ya kwana a firji, a fito da shi dab da tafiya. Rashin nama bai sa ya gagari lalacewa ba a zafin garin nan: kada ya wuce awa 2 a kan tabarma.

Wassalam.

Daga wata mai sana'ar girki,
Asawase, Kumasi.