Mai cutar da ba ta warkewa yana da sauran buri

Ya Edita,

Mu ma'aikatan jinya ne. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda dangi ke ɓoye wa majinyaci gaskiyar cutarsa, su hana shi motsi, alhali yana son ya yi wasiyya, ya shirya da ɗan'uwansa, ko ya ƙarasa wani rubutu.

Buri ba ya cika sai an kwantar da ciwo. Morfin magani ne mai ƙarfi na kwantar da ciwo. Na sha mai saurin aiki, wanda likita ya rubuta, ana shan sa duk awa 4, kan lokaci. In aka jira sai azaba ta taso, kwantar da ita na wuya. Yana taurara bayan gida, don haka a haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Gyangyaɗin da morfin ke kawowa da farko yakan ragu cikin 'yan kwanaki.

A tambayi majinyacin abin da ya fi so, a yi shi lokacin da ya fi jin ƙarfi, a gajarta ziyarar baƙi. In hannu ya gaza, a ɗauki muryarsa a waya. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi duk awa 2 don kada gyambo ya fito.

Naku,
Wasu ma'aikatan jinya