Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum, dattawanmu da 'yan'uwa manoman rani.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne gwajin man kanumfari da muka yi a Wurno bayan cirar albasa. Duk wanda ya taɓa buɗe rudu, wato rumbun ajiyar albasa, warin nan ya buge shi ya san asarar da ruɓewa ke jawowa. Ƙwayar cutar takan shiga ta wuyan albasa ko ta inda fartanya ta ji mata rauni, ta narkar da cikinta. Man kanumfari kuwa yana ɗauke da sinadarin yujinol, mai huda fatar ƙwayar cutar har ta mutu. Malamin gona da muka gayyato ya nuna mana yadda ake kaɗa ɗigo kaɗan da sabulun ruwa tukuna, domin mai ba ya haɗuwa da ruwa shi kaɗai. Ya ce a fesa da yamma, domin zafin ranar Sakkwato yana busar da shi nan take, kuma idan ya yi yawa yakan ƙona ganye. Jama'a sun zo daga Goronyo da Kware, har tabarmi suka kasa. Bayan wata biyu aka buɗe rudu biyu a gaban kowa, wanda aka fesa ya fi tsira ƙwarai. Alhamdu lillahi! Sai dai wannan bai hana a shanya albasa ta bushe sosai kafin ajiya ba.

Masu tambayar inda aka kwana kan tukunyar tatsar mai da muka sa a ƙera, ga amsa. Maƙeri ya gama tukunyar, bututun jan ƙarfe mai sanyaya tururi ne ya gagara, saboda asusu babu komai. Kanumfari daga ƙasashe irin su Indonesiya da Madagaska yake zuwa, tsada gare shi, shi ya sa muka so tatsar ganyen turare da ɗoɗɗoya a nan gida. Gwajin cutar yaushin tumatir a Kwalkwalawa ma rashin kuɗin ne ya tsayar da shi, ba sakacin kwamiti ba.

Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Ma'aji ya bi gida-gida har ya gaji. Wasu ba a ganinsu sai ranar rabon iri, kuma su ne kan gaba wajen ƙorafi. Wallahi abin yana mini ciwo. Duk mai bashi ya biya kafin taro mai zuwa, domin kwamiti ya yanke a karanta sunaye a ranar.

Sakatare