A koya wa ɗaliban SIWES zaman wurin aiki kafin a turo mana su

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da shugabannin kwalejojin kimiyya da fasaha kan ɗaliban da suke turo mana.

Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki (esi) ce a Kano, kuma duk shekara ina karɓar yara masu zuwa SIWES, shirin da hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shi a 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya kammala karatu. Masu karatun ƙaramar difloma (ND) kan yi wata huɗu bayan shekarar farko. Yaran nan suna da ƙwaƙwalwa. Da yawansu za su zana maka yadda gas ke zagayawa daga kwamfireso zuwa kwandensa ba tare da kuskure ba. Abin da ba a faɗa musu ba shi ne yadda ake zama a wurin aiki.

Ƙarfe takwas muke buɗe shago, domin mai sayar da ƙanƙara ko kifi wanda injinsa ya tsaya cikin dare ba zai iya jira har hantsi ba, jarinsa ne ke narkewa. Ɗalibi kuwa sai goma ta gota zai iso, da silifas da riga mai faɗin hannu, alhali za a kunna wutar walda kusa da firjin da ke ɗauke da gas ɗin R600a, wanda ke kamawa da wuta. Idan muka je wankin esi gidan mutane, sai na tuna masa ya tsaya a zaure har maigida ya ba da izini, ya cire takalmi, ya ajiye waya, ya goge ruwan dattin da ya zuba a bango kafin mu fita. Mai gida ba ya tambayar sakamakon jarrabawarka. Waɗannan abubuwan yake gani, da su yake yanke shawarar sake kiranka.

Mafi nauyi a wurina ita ce amana. Kowane mai koyo yana ɓata kaya, wannan ba abin kunya ba ne. Amma yaro ya ƙona kafasita ko ya karya siririn bututu, ya rufe murfi ya yi shiru, sai bayan kwana biyu kwastoma ya dawo da faɗa, wannan ke kashe shago. Ya kamata tun a aji a koya masa cewa "Oga, na yi ɓarna" magana ce ta ƙwararre. A koya masa rubuta kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, ya kawo rasit da canji, ya mayar wa mai kaya tsohon abin da aka cire.

Sai batun littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum. Akwai masu zuwa a makon ƙarshe suna roƙon a sa musu hannu da hatimi kawai, kuma akwai masu shagunan da ke yi, abin da nake ganin cin amanar yaron ne da iyayensa. Malamin da aka ɗora wa sa ido yakan leƙo sau ɗaya, wani ma waya kawai zai bugo. A yi wa yaran adalci kuma: alawus ɗinsu yakan makara, ga kuɗin A Daidaita Sahu kullum yana hawa.

Roƙona ga kwalejoji da hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke amincewa da manhajarsu: a ware mako biyu kafin fita SIWES, a gayyato masu sana'a daga Sharaɗa, Bompai da Ƙofar Ruwa su zauna da ɗaliban su faɗa musu abin da ake korar yaro a kansa da abin da ake riƙe shi dominsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta riga ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar hannu na kasuwar Panteka da ke garin, saboda haka hanya a buɗe take. Malami mai sa ido kuma ya riƙa zuwa ba sanarwa, ya miƙa wa ɗalibi geji, wato ma'aunin gas, ya ce ya auna gas a gabansa. Idan aka kira ni, a shirye nake in zo kyauta.

Naka,
Mai gyaran firji da esi, Sharaɗa, Kano