Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Shirun Yaro Da Kukan Yarinya

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu.

Kun san abin da ya girgiza mu a farkon zangon nan, wanda ya sa nake rubuto muku kan batun kashe kai tsakanin matasa, kuma mun gode Allah da abin ya zo da sauƙi. Masu yaɗa zancen a waya don Allah su bari haka, wanda abin ya shafa shi ma yana da iyaye kamar ku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma hakan na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Mata sun fi yawan yunƙuri, amma mazan da ke mutuwa sun ninka mata fiye da sau biyu, domin namiji yakan bi hanyar da ba ta barin damar ceto, kuma bai cika faɗa wa kowa ba.

A nan muke kuskure, har da mu malamai. Bayan balaga ciwon damuwa ya fi kama 'yan mata. Yarinya ta yi kuka, ta ce ta gaji da duniya, sai a ce shagwaɓa ce. Yaro kuwa tun yana ƙarami an ce masa namiji ba ya kuka, sai damuwarsa ta fito ta hanyar fushi, faɗa, gudun makaranta ko shaye-shaye, mu kuma mu yi ta tsawa. Idan ɗanku ya ƙaurace wa abokai, barcinsa ya rikice, ko ya fara rabar da kayansa, ku zaunar da shi ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kulle magunguna, maganin ƙwari da makamai. Lokacin tsananin sau da yawa gajere ne, in babu abin a kusa sai ya wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan ƙwari mafi haɗari, mace-macen suka ragu ƙwarai.

Malamarmu mai ba da shawara ta cancanci yabo, makonni ke nan ba ta tashi aiki sai ɗalibin ƙarshe ya tafi. Amma a taron da ya wuce uwaye ne suka cika ɗakin. Ina ubanni? Ranar Asabar za mu sake zama, ina son ganinku, musamman masu 'ya'ya maza.

Jarrabawa na nan yadda aka tsara. Masu makara kuma, an daina ɗaga ƙafa.

Wassalam,
Shugabar Makaranta